Takalmi a Oben ɗin Umma

"Auta, me nake gani a cikin oben ɗina?"

Auta ta yi tsuru-tsuru a tsakiyar kicin, ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu. Hayaƙi mai warin roba sai tuɗaɗowa yake.

"Umma... takalmina ne."

"Na ga takalmi ne, ai ba kaza na ce ba. Ci za ki yi?"

Dariya ta so kufce mata, sai dai hawaye ne suka riga. Takalmin tseren taya, irin mai tayoyi a ƙasa da ake gudu da shi, ba a sa shi yadda aka sayo. Sai an cire tayoyin an gasa shi ya yi laushi, a zura ƙafa, wani ya matse shi da hannu a idon sawu har ya huce ya ɗauki surar ƙafar mai shi. Mutum ɗaya ne yake yi wa tawagar ƙasa wannan aikin, shi ne kuma wanda zuciyarta ta mutu a kansa. Abba ko sunansa ba ya kamawa, Mai Taya yake ce masa.

Duk aikin Kyaftin ne, shugabar tawagar mata, wadda ta daɗe tana yi wa Mai Taya fari da ido bai ko lura ba. Ita ta ɗauki hotonsa durƙushe riƙe da ƙafar Auta, ta tura wa Abba har da gaisuwar ladabi. A ranar Abba ya yanke hukunci: gasar duniya dai Auta za ta je, amma shi zai raka ta, ƙafarsa ƙafarta, kuma maganar auren wannan yaron a binne ta.

Haka ta tafi da takalmin da ta gasa da kanta, gefe ɗaya ya ƙone, ɗayan ko laushi bai yi ba.

Ana gobe tseren ƙarshe, ta fito daga atisaye tana ɗingishi. Ta zauna a benci ta zare takalmin a hankali. Safar ta rine da jini.

Abba da ke tsaye da jakarta ya sunkuyo.

"Mamana, me ya ci miki ƙafa haka?"

"Ba komai Abba, takalmin ne bai zauna ba."

Kyaftin ta matso da muryar tausayi. "Ayya ƙanwata. Ki haƙura da gobe mana, lafiya ai ta fi lambar yabo."

Auta ta yi mata kallo ɗaya ta kawar da kai. Can ƙarshen rumfar 'yan wasa, Mai Taya na zaune yana goge tayar da ya riga ya goge, idonsa ya kasa barin safar nan. Tun da suka sauka bai ce mata ko sannu ba, saboda ya yi wa Abba alkawari. Kewarsa ta fi ciwon ƙafar damunta.

Abba ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ɗaga murya.

"Kai, Mai Taya. Zo nan."

Ya taso har yana tuntuɓe da akwatin kayan aikinsa.

"Wannan abin yana gyaruwa?"

"Yana gyaruwa Abba. Sai dai dole a matse shi a ƙafarta yana da zafi." Ya sunkuyar da kai. "Ni zan gasa, kai ka matse. Ba zan taɓa ta ba."

Abba ya dube shi sama da ƙasa, ya naɗe hannun riga.

Aka naɗe mata ciwon da bandeji. Mai Taya ya hura wa takalmin zafi da na'urarsa har ya yi laushi, Auta ta zura ƙafa, shi kuma ya koma gefe ya goya hannuwansa a baya kamar ɗan makaranta. Abba, babban mutum da tumbinsa, ya durƙusa a ƙasa ya cafki takalmin.

"Wash... wannan ai wuta ce."

"Kar ka saki Abba. Ƙasa kaɗan, bayan ƙashin. Yauwa, danna da babban yatsa."

"Dannawa nake, ko so kake in karya 'yata?"

"Ya yi miki, gimb..." Mai Taya ya haɗiye sauran. "Ya yi miki daidai?"

"Ya yi," ta ce, tana cizon leɓe don kar murmushi ya tona ta.

Abba na gumi ya ɗago. "Kullum haka kake ƙona hannu?"

Mai Taya ya nuna tafukansa, duk sun yi kanta. Abba ya ci gaba da matsa har takalmin ya huce.

Washegari da aka harba bindigar tashi, Auta ta lafe a bayan dogayen 'yan matan wasu ƙasashe, suna sare mata iska tana tara ƙarfinta. Ƙafar shiru, kamar da takalmin aka haife ta. Kyaftin ta yi gaba da wuri don a gan ta, iska kuwa ta shanye ta tun kafin a yi nisa. A kwanar ƙarshe Auta ta fice ta waje, ta wuce ta ko kallo babu, ta miƙa ƙafar dama har tayar gaba ta taɓa layi.

Ta uku a duniya!

Tana cire hular kwano ta hango Abba a kan kujerar 'yan kallo, a tsaye, yana gaya wa wani baƙon da ba ya jin yarensa cewa shi ya matse takalmin.

Da ta sauko da lambar tagulla a wuya, ta same su tsaye tare. Abba na hura yatsunsa da suka yi bororo.

"Mamana, wannan gashin sau nawa ake yinsa?"

"Duk sabon takalmi Abba. Wani lokacin ma kafin kowace gasa."

"Kowace gasa?" Ya kalli yatsunsa, ya kalli Mai Taya. "To ni dai na yi na farko na yi na ƙarshe. Idan mun koma ka zo min da iyayenka, a ɗaura abin nan ka karɓi aikinka."

Mai Taya ya washe baki don murna. Auta ta rufe fuska da lambarta, kunya da daɗi sun taru sun yi mata yawa.

"Gimbiyata..." ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Ina jinka fa," in ji Abba. "Hannu a baya tukuna."