Adakar Sarkin Zango Mainassara

A shekarun da aka buɗe wa baƙar fata ƙofar Libiya, cikin kakar dabino, Zouéra ta rasa miji da uba a wata ɗaya. Abin da ta samu adaka ce ta ƙarfe.

Ubanta Mainassara ya yi shekara goma sha tara yana Sarkin Zangon 'yan Nijar a Tayuri, nan Sabha. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya sa hannu a akushi sai baƙo ya ƙoshi. Duk matafiyin da ya mutu a hanya ba dangi, shi ke yi masa sutura, ya ajiye hularsa ko zobensa a adaka har nasa su zo nema. Bai yarda da rubutu ba, don takarda tana iya faɗawa hannun hukuma. Ɗiyarsa yake kira ya ce, wannan na mutumin Tawa ne mai tabo a goshi, bayan Gatrun aka tsince shi.

"Baba, ni da ko baƙi ban iya haɗawa sosai ba?"

"Kanki nake so, ɗiyata. Ban taɓa faɗa miki abu sau biyu ba."

Da ya rasu, zango ya rabu tsakanin Waziri Sadissou da Madugu Jibirin mai manyan motoci. Dattawa suka yanke cewa mai adaka shi ne mai rawani.

Madugu ya yi wa Zouéra tayin gida a unguwar Sukra in ta ba shi adakar. Ta ce, "Na gode, Madugu. Ina da inda nake kwana."

Waziri ya zo da dattawa. "Ɗiyar Sarki, adaka ta sarauta ce, ba gadon mace ba."

Ta buɗe, ta zaro zobe ɗaya. "Ranka ya daɗe, na wane ne?"

Ya juya zoben, ya sake juyawa, ya mayar mata. Dattawa suka sunkuyar da kai.

Masu labari sun ce Sadissou aka naɗa, ya shekara goma sha ɗaya. Haka mulki yake: rawani a kan wani, abin da ya riƙe rawanin a hannun wani. Amma bai samu rawanin ba sai da ya ce wa Zouéra, "Faɗi abin da kike so."

Ta daɗe tana duban gurbin da ubanta ke zama.

"Mabuɗi yana wuyana har in mutu. Kuma a shimfiɗa mini tabarma a zaure, dama da Sarki. Ƙasa da haka ban sallama ba."