Ɗauri a Kan Jim

"Sauko, ɗan tsoho! Yalla, sauko!"

Ɗalhatu ne ya bugi gilashin babbar motar da gindin barho. Sha biyu da kwata na rana ce a watan Yuli, lokacin da dokar ƙasar Larabawan nan ta hana leburori aiki a waje, don haka hanyar gonakin Umm Salal ko kare babu. Surajo ya gicciye farar motar wankin da yake tuƙawa a tsakiyar kwalta, ya naɗe fuska da rawani.

Direban babbar motar Moro ne, mutumin Zangon Kumasi, mai ɗaukar wa wani gidan renon furanni kaya daga tashar jiragen ruwa. Shekara huɗu suna ɗaki ɗaya da Surajo a bayan Asian Town, unguwar leburori, gado bisa gado, kuma shi ya nemo wa Surajo aikin tuƙin da yake ci da shi. Sharaɗi ɗaya Surajo ya gindaya kafin ya shiga harkar nan: ba za a taɓa Moro ba, ko da ƙwarzane. Ɗalhatu ya dafa ƙirji ya rantse.

Sunusi, ƙaton da ba ya tunani sai an ce masa yi, ya fizgo Moro daga kujera ya tura shi bayan motar wankin da Surajo ya sauko ya buɗe, cikin ƙullin zannuwan gado. Ɗalhatu ya haye babbar motar. Minti biyu bai cika ba suka bar kwalta, suka bi turɓaya zuwa wata gona da masu ita suka yi watsi da ita.

Duk abin ya faro ne daga kalma ɗaya. Ranar Juma'ar da ta wuce, Moro ya bar takardun aikinsa a kan gado ya shiga wanka. Da ma ya saba cewa kayan da yake ɗauka sun fi shi da Surajo gata a ƙasar nan, don sai da izinin shigowa, sai da takardar lafiya daga ƙasar da suka fito, sai an duba saiwarsu an tabbatar ko ƙwayar ƙasa ba ta manne ba, sannan a rufe su da hatimin dalma wanda ba mai ikon cirewa sai jami'in gwamnati. Surajo ya sha jin wannan har ya gaji. Ranar sai shaiɗan ya raya masa ya ɗauki hoton takardar da waya.

Bayan masallaci ya nuna wa Ɗalhatu a wurin mai shayi. Ɗalhatu tsohon mai gadi ne da ya gudu daga kafilinsa, ubangidan da ya kawo shi ƙasar, mutumin da ya yi izu goma a makarantar allo ya fito yana ganin zai iya koya wa Balarabe ma Larabci. Ya ƙura wa hoton ido, ya ga haruffa uku an buga su da jan tambari har sau uku: ha, jim, ra.

"Hajar," ya ce a hankali. "Ka san ma'anarta? Dutse. Kamar Hajarul Aswad. Kai a tunaninka saboda ganye za a sa wa mota dalma?"

Nan take ya tsara labarin duka. Masu kuɗi ne ke ɓoye duwatsu masu daraja a gindin furanni, jan tambarin kuma alama ce ga mutanensu na tasha don kada a taɓa. Surajo ya ce shi dai Moro bai taɓa ambaton dutse ba. Ɗalhatu ya yi masa kallon raini, ya ce jaki ma ba ya sanin abin da ke cikin mangalarsa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ranar ba wanda ya tuna. Surajo ya tuna shekara bakwai da ya yi yana kwasar kayan dattin mutane a gidajen unguwar Nu'aija, ya tuna abokansa da suka koma Funtuwa suka yi gini, sai ya ce yana ciki.

Yanzu ga su a bayan katangar gonar, iska kamar bakin tanda. Sunusi ya jawo Moro ya durƙusar da shi. Ɗalhatu ya ɗauko almakashin ƙarfe ya nufi ƙofar bayan babbar motar, inda dalmar ke reto.

Sai ga Moro ya yunƙura ya miƙe.

"Massa, kar ka yanke wannan. Ku ɗau wayata, ku ɗau mota in kuna so, amma ba a buɗe shi a waje. Hajr ne."

Ɗalhatu ya juyo yana washe baki a bayan rawani. "Kun ji da bakinsa ko? Shegen tsoho, ashe ya sani!"

"Wallahi ice ne kawai. Ba a gama duba shi ba, ƙila akwai ƙwaro —"

"Rufe mana baki!"

Ƙaras! Dalma ta faɗi. Ƙofa ta buɗe, sanyi ya bugo su. Tukwane arba'in ne jere, kowace da ɗan ice mai ƙaton ciki kamar tulu da jajayen furanni a kai. Daga cikin motar wanki Surajo ya hango icen, ya gane shi nan take. Kariya ce. Ita ce dai wadda ke tsirowa a bayan gari a ƙauyensu, wadda awaki ma ba sa ci, wadda tsofaffi ke hana yara taɓa ruwanta don maharba na dafin kibiya da shi. Wannan dai an yi mata gata, an kawo ta daga wata ƙasa a cikin sanyi, amma kariya ce.

A daidai lokacin, can gidan renon furannin, jami'in duba tsirrai yana tsaye a ƙofar ɗakin killacewa da takardu a hannu, yana duba agogo. Dattijo ne Basudane mai farin gemu. Mai gidan ya buɗe wayarsa don ganin inda mota ta tsaya, ya ga ɗigon na'urar da ke bin sawunta ya bar hanya ya shige cikin gonaki. Ya kira Moro sau uku ba a ɗauka ba. Na huɗun 'yan sanda ya kira.

Ɗalhatu ya wurgo tukunya ta farko ƙasa. Ta fashe, wasu fararen tsakuwoyi suka watse a cikin baƙar dusar da aka dasa icen. Sunusi ya yi kabbara ya zube yana kwasa da hannu biyu. Ɗalhatu ya ɗauki ɗaya ya murza, ta zama gari a yatsunsa. Ba ta da nauyin ko gyaɗa.

Moro ya ce masa abin da ake zubawa ke nan a madadin ƙasa, tunda doka ta hana shigo da ƙasar wani wuri. Ɗalhatu bai ko dube shi ba. Ya fasa ta biyu, ta uku, ta goma. Gumi ya jiƙa masa riga, idonsa ya kaɗa. Da tukwane suka ƙi ba shi abin da yake so, sai ya ce a cikin icen aka ɓoye, ba a banza aka zaɓi mai ƙaton ciki ba. Ya shiga sara da barho, ruwan icen yana tsartuwa a hannunsa da fuskarsa.

"Oga, mu fece," Surajo ya faɗa, ya ƙanƙantar da murya don kada Moro ya gane. "Babu komai. Halas, an gama."

"Akwai. Tsohon nan ya san wace tukunya ce."

Ya diro ya shaƙi wuyan rigar Moro, ya ɗora masa barho a ciki. Surajo ya fito daga mota da gudu yana tuna masa rantsuwarsa. Ɗalhatu ya ce rantsuwar da aka yi a kan shayi ta tafi da shayin. Ya sake tambayar Moro ina hajar. Moro ya nuna masa jan tambarin da ke jikin ƙofa, ya buɗe baki zai yi bayani, hannunsa ya taɓa rawanin Ɗalhatu ba da niyya ba — rawani ya zame — fuska ta fito fili.

Barho ya shige sau ɗaya.

Moro bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa a hankali, ya dafe cikinsa, ya dubi jinin kamar na wani ne.

Ɗalhatu ya ja da baya, ya sa bayan hannu ya share gumin da ke gangaro masa a ido. Hannun nan kuwa ya sha ruwan kariya. Ɗan jim kaɗan ya saki barho ya kama fuska yana zagi, yana kiran Sunusi ya kawo ruwa. Sunusi ya ruga gaban babbar motar neman gora.

Surajo bai yi shawara da kowa ba, har da zuciyarsa. Makullin babbar motar yana kan tayar baya inda Ɗalhatu ya ajiye. Ya ɗauke ya jefa a aljihu. Ya rungumi Moro ya kwantar da shi a kan zannuwan mutane, ya faɗa kujera ya tayar da motar wanki.

"Kai! Surajo! Ɗan iska, tsaya!"

Sunusi ya biyo shi da gudu, ya doki bayan motar da dutse, ƙura ta haɗiye shi. Surajo ya bar su nan, ɗaya ba ido, ɗaya ba hankali, ba mota, ba inuwa, rana tana tsakar ka. Bai ji tausayinsu ba ko kaɗan, kuma har yau bai ji ba.

Ya cire rawani ya jefar ta taga. Da hannu ɗaya ya kira lambar gaggawa, ya faɗi inda yake da guntun Turanci da guntun Larabci, ya faɗi sunansa na gaskiya. Sannan ya waiwaya.

"Yaya Moro, ni ne."

"Na sani," Moro ya ce, muryarsa can ƙasa. "Tun a kwalta na ga takalminka. Ni na saya maka shi da Sallah."

Surajo ya mayar da ido kan hanya. Ya taka mota har tana rawa. Ya ce wa Moro ya daure, asibiti ba nisa, shi da kansa zai kira masa matarsa Adijatu, zai faɗi gaskiya a gaban kowa. Can sai Moro ya yi tambaya.

"Kun rufe ƙofar?"

"Wace ƙofa?"

"Ta motar. In akwai ƙwaro zai shiga gonar mutane."

Surajo ya ce sun rufe. Ita ce ƙarya ta ƙarshe da ya yi masa.

A bakin kwalta ya haɗu da su: motocin 'yan sanda uku da ta asibiti a baya, jiniya na tashi. Ya tsaya, ya fito da hannu sama. Suka kifa shi a kan kwalta mai zafi har kumatunsa ya saɓule, bai motsa ba, idonsa na kan masu fararen kaya da suka shiga bayan motar wanki. Sun shiga da sauri. Da suka fito ba sa sauri.

Ɗalhatu da Sunusi ba su wahalar da kowa ba. An tarar da Sunusi kwance a gindin katanga harshe a waje, Ɗalhatu kuma yana rarrafe a cikin fasassun tukwane, ido a kumbure, yana lalube da hannu, har lokacin dutse yake nema.

Kwana uku bayan haka aka fito da Surajo daga ɗakin tsaro don ya ƙara bayani. Mai binciken ya kasa gane abin da zai sa ƙarti uku su tare motar furanni da wuƙa, ya ɗauka akwai wani abin da suke ɓoyewa. A gefensa dattijon nan Basudane ne zaune, an kira shi ya ba da shaida a kan kayan. Da Surajo ya ambaci dutse, dattijon ya cire tabarau ya dube shi. Sai ya yi magana da Hausa, tsohuwar Hausa mai nauyi, ta jikokin mutanen da suka yi zango a Sudan kan hanyar Makka ba su koma ba.

"Yaro, ka yi allo?"

Surajo ya ce ya yi kaɗan.

Dattijon ya jawo takarda ya rubuta ha, jim, ra. Ya sa wa jim wasali a bisa, ya ce wannan ita ce hajar, dutse. Ya sake rubuta haruffan a ƙasa, ya zana ɗan ƙaramin zagaye a kan jim. Ya ce wannan hajr, killacewa. Ice ne ake tsarewa 'yan kwanaki a rufaffen ɗaki, a duba ko ya zo da cuta, in lafiya lau ne a sake shi. Takardar gwamnati ba ta sa wasali, an bar wa mai karatu ya sani.

Ya ƙara da cewa tunda an buɗe kayan a fili kafin a gama dubawa, doka ba ta bar masa zaɓi ba. Jiya da hannunsa ya sa aka ƙone duka arba'in ɗin, har da waɗanda ba a fasa ba. Shekara shida yana karɓar kaya daga hannun Moro, bai taɓa samun dalmarsa da ko ƙwarzane ba. Yau da safe aka yi masa sallah, matarsa tana kallo ta waya daga Kumasi.

Surajo ya sunkuya a kan takardar. Zagayen bai kai ƙwayar gero ba. Ya san shi sarai, malaminsu na Funtuwa ya sha dukansa a kansa.

"Me kuke kiran wannan alamar a can gida?" dattijon ya tambaya, ba tausayi a muryarsa.

Surajo ya dubi ankwar da ke hannunsa.

"Ɗauri," ya ce.