Bakin Tef

Bayan la'asar Auta ta bi yayarta zuwa tsohon gidan waya da ke bayan kasuwa, da tef ɗin awo a jaka da allon zane a hammata. Aikin makaranta ne. Malaminsu na tarihin gine-gine da birane ya shafe zango guda yana yawo da su duniya a kan farin bango, yau kubbobi, gobe ganuwa, jibi garuruwan da ruwa ya cinye. Da ya gaji sai ya ce kowa ya nemo tsohon gini a garin nan ya auna shi da hannunsa, ya zana. Gidan wayar nan kuwa sati mai zuwa za a rushe shi.

Yaya ce ta zaɓo shi. 'Yar kawun Auta ce, amma ɗaki ɗaya suka tashi, ɗaki ɗaya kuma suke kwana a makaranta. Ita ta koya mata riƙon fensir, ita ta cika mata takardar neman jami'a. Faɗuwar Yaya a jarrabawa ce ta haɗa su aji ɗaya, kuma Auta ba ta taɓa bari maganar ta fito daga bakinta ba. In Yaya ta ce wuta ruwa ce, Auta sai ta ɗauko bokiti.

“Yaya, rana fa ta yi nisa. Mu bari sai gobe mana.”

“Ke dai kin cika tsoro kamar farar kura. Shekaranjiya ni kaɗai na zo na leƙa, me ya cinye ni? Awo biyu ne mu tafi.”

Suka fara da waje. Yaya ta riƙe bakin tef a kusurwa, Auta ta ja har ɗaya kusurwar. Mita ashirin cif. Tagogi biyar a jere, duk an rufe su da katako, katakon ta ukun ya ruɓe har gara ta yi gida a ciki. Auta ta rubuta komai, don ita ba ta barin ko ƙusa ba ta saka a takarda ba.

Ciki kuwa wani dogon lungu ne da ya bi jikin bangon nan, tagogi a hagu, ƙofofi a dama. Warin jemage da jiƙaƙƙiyar takarda ya tare su tun daga bakin ƙofa. Yaya ta tsuguna a dokin ƙofa ta danne zoben tef da yatsa.

“Ja ki tafi. Ina riƙe. Ki riƙa faɗa min lamba.”

Ba ta ɗago ta dube ta ba.

Auta ta shiga tana warware tef. Takalminta na taka busasshen kashin tsuntsaye, ƙaras, ƙaras. Hasken yamma na shigowa siri-siri ta tsagar katako.

“Nawa?” muryar Yaya daga baya.

“Goma.”

Ta wuce taga ta huɗu, ta wuce ta biyar. Nan ya kamata ta ci karo da bango. Babu bango. Lungun ya miƙe gaba cikin duhu, ƙofofi na bin juna.

“Nawa?”

“Ashirin da biyu... Yaya, akwai kuskure. Waje ashirin ne.”

“Ci gaba.”

Ta ci gaba, don Yaya ce ta ce. Ashirin da biyar. Warin jemage ya ɗauke, wani ƙamshi ya maye gurbinsa, kamar na tufafin da suka daɗe a akwati. Hayaniyar kasuwa ta mutu ɗif. Sai numfashinta kawai.

Ashirin da takwas.

Ta ja da baya da sauri har taga ta biyar, ta manna ido a tsagar katako don ta ga inda take. Ta hango harabar gidan, ta hango ƙofar waje. Ta hango Yaya tana fita da sauri, jakarta a kafaɗa, kanta a sunkuye. Ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya.

Tef ɗin da ke hannun Auta yana nan a miƙe tsam. Ana riƙe da bakinsa.

“Nawa?” in ji muryar Yaya.

Yanzu kusa take. Kusa sosai.

Auta ta janye ido daga tsagar. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, harshe ya yi nauyi.

“Waye?” ta ce da raɗa.

Ƙofofin dama suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ba ta ga kowa ba. Amma ta ji motsin mutane da yawa, tsofaffi na gyaran murya, wata na lallashin jariri.

“Masu gida ne,” muryar ta ce, ta daina kwaikwayon Yaya, ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti. “Za su rushe mana. Sai an zana ɗakunanmu duka, mu koma cikin takarda.”

“Ɗaki nawa ne?”

“Ba mu taɓa ƙirgawa ba.”

“Ku yi haƙuri... ni ban san...”

“Yayarki muka riƙe shekaranjiya. Ta yi kuka. Ta ce mu sake ta, tana da ƙanwa da ta fi ta iya zane, kuma ba ta musu.”

Wannan maganar ta fi duhun ciwo. Tsoro ma sai da ya ja gefe ya ba baƙin ciki wuri. Ashe fensir ɗin da Yaya ta fiƙe mata da safe, da shayin da ta haɗa mata tana tsokanarta, duk sallama ce.

Tef ya motsa. Ya naɗe mata wuyan hannu. Aka fara ja, ba daga ƙofa ba, daga cikin duhu.

Ta dafa bangon tagogi. Ta biyar. Ta ja jiki da ƙarfi, tef na yankar fata. Ta huɗu. Wani sanyi ya sauka a ƙeyarta, kamar numfashi.

Ta uku.

Ta kira sunan Allah da iyakar muryarta, ta faɗa wa ruɓaɓɓen katakon da kafaɗa. Ya farfashe. Tef ya tsinke. Ta faɗo waje kan tsakuwa, ƙasar gara cike da bakinta, ana kiran sallar magariba.

Da jini a hannu ta isa ɗakinsu. Tun daga baranda ta jiyo Yaya a waya, murya na rawa: “Wallahi Umma, tun rana ban sa ta a ido ba. Ban san inda ta tafi ba.”

Auta ta tura ƙofa. Waya ta suɓuce daga hannun Yaya. Ba ta tambayi jinin ba, ba ta ce sannu ba. Ta leƙa bayan Auta, ta ce, “Kin gama musu?”

Auta ta kwashe kayanta ta koma wani ɗaki. Ba ta gaya wa kowa ba, har Umma da ta raine su tare. An rushe gidan waya ranar da aka sa.

Tun daga ranar Yaya take zane. Ta bar makaranta, aka mayar da ita gida. Ta cika takardu, ta cika bayan kalanda, ta koma bango. Ɗaki na buɗewa cikin ɗaki, ba ta ci sai an ɗura mata, yatsunta duk sun fashe.

Umma ta matsa wa Auta har ta je duba ta sau ɗaya. Ta same ta a tsugune a ƙasa, ta rame, tana jan layi da guntun gawayi. Yaya ta ɗago, ta yi mata murmushin nan na da, ta miƙo gawayin.

“Auta, ƙanwata. Ɗan karɓe ni, hannuna ya gaji.”

“Karɓi mana ki taya ta,” in ji Umma tana share hawaye. “Yayarki ce fa.”

Auta ta mayar da hannayenta biyu baya, ta ƙanƙame su.