Munduwa a Bakin Famfo

Tafin Iska ya ɗaga akori-kurar sama ba tare da ƙara ba. Babu jak, babu ginshiƙi. Motar ta tsaya a sarari daidai ƙirjin mutum, ƙarfin maganaɗisu ne kawai ke riƙe da ita.

Kwana shida ke nan ana gwada na'urar a garejin Oga Shitu da ke Sabuwar Funtuwa, inda motoci marasa direba ke kawo kansu gyara. A ranar zai yanke shawara: ko ya sayi Tafin Iska, ko ya sayi mai ginshiƙi huɗu irin na da.

Barira, bakanikiya mai gyaran birki, tana gefe tana goge sifana. Shekararta uku a garejin, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Wakilin kamfanin da ya ƙera na'urar ya riga ya yi musu bayani. Kowane ma'aikaci yana sanye da munduwa mai ɗauke da ƙwayar lantarki. Muddin akwai munduwa a ƙarƙashin mota, na'urar ba za ta sauke ta ba. In ta ga babu kowa na minti biyar, sai ta sauke motar da kanta don kada batir ya ƙare.

Aka kira Azahar. Ma'aikata suka taru a bakin famfo, kowa ya tuɓe munduwarsa ya rataye a ƙusa, domin ruwan alwala ya ratsa hannu. Baba Mamuda, dattijon da ya koya wa Barira aiki, ya gama tasa ya dawo yana yarfe ruwa.

"Noti ɗaya na bari ban ɗaure ba," ya ce. "In na tayar da salla shi zan yi ta tunawa."

"Baba, noti ba ya guduwa," in ji Oga Shitu yana dariya.

"Kai da ba ka taɓa ɗaure ko na keke ba, ina ka sani?"

Baba ya shimfiɗa kwali a kan benci, ya hau, ya kwanta a ƙarƙashin motar. Sauran suka shige masallaci.

Barira, wadda ba ta salla a ranar, ta lura inuwar motar tana motsi a ƙasa: motar ta fara saukowa. Ta dubi famfo. Munduwar Baba na can tana lilo a ƙusa.

Maɓallin tsayarwa yana can ƙarshen rumfa. Ƙarfen gindin motar ya sauka a ƙirjin Baba, bencin ya fara ƙara. Ta yar da sifana, ta faɗa ƙasa rubda ciki, ta cusa hannunta mai munduwa a ƙarƙashin motar.

Motar ta tsaya cak.

Haka ta ci gaba da kwanciya, hannu a miƙe, tana jin numfashin Baba yana fita da ƙyar, har aka sallame salla. An fito da shi da karayar haƙarƙari biyu.

Da yamma wakilin ya zo. "Na'ura ba ta yi kuskure ba," ya ce. "Mutum ne ya cire abin da aka ce kada ya cire. Amma akwai magani. Za mu dasa ƙwayar a cikin fatar kowa. Ba mai sake tuɓe ta."

Oga Shitu ya gyaɗa kai. "Gobe kowa ya zo da hannunsa."

"Oga," in ji Barira, idonta a ƙasa, "to wanda ya kawo mana abinci fa? Ko mai mota, in ya leƙa?"

"Ke dai ki zo da wuri."

Washegari ta zo da wuri. Ma'aikata sun yi layi a gaban tebur, kowa ya naɗe hannun riga, wakilin yana jera allurai. Barira ta wuce su da diga a kafaɗa. Ta je bayan rumfa, ta auna tsawon mota da ƙafarta, ta fara haƙa ramin da bakanike zai shiga ya yi gyara, mota tana ƙasa a kan tayoyinta.