Labulen Bahaguwa

"Ba za ni ba!" in ji Auta, ta ture katin gayyatar. "Je ka kai kaɗai ka tafa wa mahaifiyarka."

Dogo ya tsuguna gaban keken ɗinkinta. "Haba sanyin idona... saura sati uku aurenmu fa."

Katin cewa ya yi za a karrama Hajiya, mahaifiyar Dogo, mai babban shagon kayan adon ɗaki, wai ita ta ƙirƙiro labule mai ninki bakwai, wanda yau ba falon amaryar da ba a rataya shi.

Ƙarya tsagwaronta! Innar Auta ce ta ƙirƙiro shi. Shekara ashirin da biyu tana ɗakin bayan shagon nan, tana ninki tana ɗinki har idonta ya dushe. Ba ta san biro ba, da taƙin hannu take awo. Masu karatu suka ɗauki hoton aikinta suka manna sunan wata.

Inna ta fito tana gyara mayafi. "Za mu je. Tashi! Ni ba kuka zan je yi ba."

Auta ta miƙe tana lissafi a ranta. In Inna ta buɗe baki, aure ya watse. In an yi shiru, an binne Inna da ranta.

A zauren taro an rataye labulen farko, mai launin ruwan zuma, ninkinsa na zuba kamar ruwa. Hajiya na gefensa tana murmushi.

"Da hannuna na ɗinka shi..."

"Da wanne, Hajiya?" Inna ta katse ta daga tsakiyar mutane.

"Da na dama mana!"

"Madalla. Auta, je ki juya musu bakin labulen."

Auta ta dubi Dogo, idonsa na roƙonta. Ta dubi yatsun Inna da allura ta cinye. Ta tashi, ta hau dandalin ta kama ƙasan labulen ta juya.

Wata tsohuwar tela ta matso, ta gyara tabarau. "Kai! Ɗinkin nan daga hagu ya taso, zaren ma kwance yake a karkace. Wallahi aikin bahaguwa ne!"

Inna ta ɗaga hannunta na hagu sama.

Auta ta runtse ido tana jiran a ce an fasa. Sai ta ji muryar Dogo, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Umma, a ɗakin bayan shagonki na yi rarrafe. Na san wadda ke ɗinkin. Ke ma kin sani..."

Hajiya ta sauko inda Inna take. Ta miƙa mata lambar yabon da aka ba ta. "Taki ce, Yaya. Ki yafe mini."

"Riƙe abarki, ba ta tare rana. Allon shago nake so, a sa ni a kai, da manyan baƙaƙe!"

Ba a fasa auren ba. Inna da kanta ta ɗinka labulen ɗakin amarya, Hajiya na zura mata zare a allura.

Da sati ya zagayo, Auta da angonta suka kai ta ƙofar shagon. Inna ta ɗaga kai tana kallon sabon allon.

"Me ya ce?"

"Labulen Bahaguwa, Inna."

"Ban ji ba."

"Kin ji fa, Inna!" in ji Dogo yana dariya.

"Kai surukina, rufe mini baki. Auta, sake karantawa... da ƙarfi, masu wucewa su ji!"