Makunnin da Bai Kunnu Ba

A ƙofar ɗakin gwaji suka fara haɗa ido. Tana goge wa yayarta yawu a haɓa, shi kuma ya fito da farar riga yana kiran lamba. Yayar ta ba ta shekara huɗu, amma ba ta taɓa furta kalma ba.

"Yaya kuke da ita?" ya tambaya, biro a hannu.

Kyansa ya ruɗe ta. "'Yar maƙwabta ce."

Tun kafin ta rufe baki kunya ta rufe ta, amma a haka soyayya ta ƙullu. Malamin bincike ne, hirarsa ma bincike. Ya zana mata yadda ƙwayoyin halitta ke da makunni: yayin da ƙwaƙwalwar jariri ke ginuwa a ciki, wasu su kunnu, wasu su lafa, kowanne da makonsa. Ita dai gashin idonsa take kallo.

Ran nan saƙo ya shigo: "Zumata, ba mu gano matsalar maƙwabciyarku ba. Sai mun gwada jinin iyayenta da na wadda suke ciki ɗaya. Taimaka ki kawo su."

Kwana uku ta kasa amsawa. A na huɗu ta zo da iyayenta, ta zauna a kujerar ɗibar jini, ta naɗe hannun riga, kanta a ƙasa.

"Ni ce ƙanwar."

Ya daɗe yana kallonta. "Ba ni kika yi wa laifi ba, Zumata. Yayarki ce, ga ta can a waje."

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa ta ce sam, ciwon yayar a jini yake. Ya kai mata sakamako: makunni guda ne bai kunnu ba tun yayar tana ciki, kuma ba gado ba ne.

"Na ji," in ji ta. "Amma wadda ta musanta 'yar uwarta, gobe wa za ta musanta?"

Da maganar ta iske ƙanwar, ta sha kuka, sannan ta kamo hannun yayarta har falon tsohuwar. Ta durƙusa.

"Mama, ga yayata. Na taɓa jin kunyarta, yau kunyar kaina nake ji. In an ba ni ɗanki, da ita zan tare."

Tsohuwar ta matsa wa yayar wuri kusa da ita.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Tsohuwar ta dafa kan amarya, ta dafa na ango, ta juya ta riƙo hannun yayar.

"Allah ya yi muku albarka, ku ukun."