Tsagar Yakaka

A shekarar da gero ya gagari talaka, har akuyar wani takan kwana a ɗaki don tsoron ɓarayi, aka kawo wa Sufeto Abdulƙadir rahoton sata daga wani ƙauye a gabas da Ɗambatta.

Wadda ta kawo ƙarar, Falta, ɗaliba ce mai koyon gyaran hoto a Kano. Makaranta ce ta ara mata kwamfuta ta zo hutu da ita, tana kunna ta da 'yar sola.

"Ranar Asabar zan mayar, ranka ya daɗe. In babu ita, ba jarrabawa, karatuna ya ƙare."

Da ya isa gidan, Sufeto ya duba ɗakinta. Ba a ɓalle ƙofa ba. Gilashin kwamfutar kaɗai aka ɗauke, aka bar akwatin injinta da ya fi shi tsada. Wayar ma ba zare ta aka yi ba, yanke ta aka yi da wuƙa.

"Wannan ɓarawon bai san aikinsa ba," in ji shi.

Mahaifinta, Malam Kashim, Babarbare ne da ya tsufa a garin. Ya ce tun asuba yana gona. Sufeto bai musa ba, idonsa na kan wani hoto da aka juya wa bango. Ya juyo da shi. Mace ce, fuska sumul kamar ta amarya.

"Marigayiya Yakaka ce, mahaifiyata," in ji Falta. "Tsohon hoton gara ta ci. Na ɗauke shi a kwamfuta, na gyara, na zubar da tarkacen."

"Me kika gyara?"

"Tsagar fuskarta. Malaminmu ya ce fata ta fita tas."

Tsohon bai ɗago kai ba.

Daga nan Sufeto ya wuce shagon Nababa mai cajin waya.

"An kawo maka gilashin kwamfuta?"

"Ni? Wallahi ko kusa."

"To wannan guntuwar wayar da ke ƙarƙashin bencinka, ta rediyo ce?"

Nababa ya share gumi. "Wanda ya kawo shi cewa ya yi in kunna masa. Na ce ba ya kamawa sai da akwatinsa. Ranka ya daɗe, dattijo ne, kunyarsa nake ji."

Da la'asar Sufeto ya koma gidan, ya sa kofur ɗin da ya rako shi ya leƙa rumbu. Ba hatsi a ciki ko na shuka. Gilashin ne kawai, a naɗe cikin tsohon mayafi.

"Baba?" in ji Falta.

"Ni ne," in ji Malam Kashim. "Ranar da kike gyaran, a cikin gilashin nan na gan ta da tsagarta, kamar yadda na auro ta. Wadda kika ba ni ban san ta ba. Na faɗa miki, kika yi dariya. Da na ji za ki mayar da shi Kano, sai na ce a bar mini matata."

Sufeto ya daɗe yana kama ɓarayi, amma wannan kamun bai yi masa daɗi ba. Ya juya ga Falta.

"Tsohon hoton yana cikin akwatin?"

"Na ɗora sabon a kansa," ta ce da kuka. "Ya goge. Ranka ya daɗe, na janye ƙarar!"

"Sai a caji ofis. An buɗe magana, can za a rufe ta. Malam, bismilla."

Kofur ya fito da ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. A bakin zaure tsohon ya tsaya.

"Falta, tunda ke kika cire tsagar, za ki iya mayar mata?"

"Zan iya, Baba." Ta yi ta lalube a ranta. "Amma daga ina ta fara?"

Malam Kashim ya ɗora yatsa a gefen idonsa, ya ja shi a hankali har haɓa, ya koma ya sake ja. Sufeto ya tsayar da kofur, suka jira har ya gama.